Gadufawa: Dabbobin Wani Kogi da Ya Ƙafe Shekara Miliyan 110 da Suka Wuce



Maudu'in da aka ɗora mini shi ne rayuwar dabbobi a farkon zamanin da masana tarihin ƙasa ke kira Kiretashiyos. Wannan zamani ya soma kimanin shekara miliyan 145 da suka wuce, ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Masana sun raba shi gida biyu, kashin farko ya tsaya wajen shekara miliyan 100 baya. In na ce zan bi duk abin da ya rayu a doron ƙasa cikin waɗannan shekaru miliyan 45, to za a kira la'asar a kira magariba ban fita daga gabatarwa ba. Saboda haka wuri guda zan kai ku mu zauna, in ya so daga baya mu leƙa maƙwabta. Wurin kuwa ba bayan teku yake ba. Sunansa Gadufawa, yana cikin hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, kudu maso gabas da Agadas, tafiyar kilomita fiye da 150 cikin rairayi.

Kafin mu ɗaura kaya, bari in kau da wani ruɗani. Da yawanmu mun ji cewa Sahara ta taɓa zama kore shar, har akwai zanen raƙuman dawa a jikin duwatsun Azbin, da kaburburan masunta a wani wuri da ake kira Gobero. Gaskiya ne, amma wannan labarin shekara dubu 10 ne ko ƙasa da haka, wato jiya-jiya. Abin da za mu tattauna ya ninka wannan tazara sau dubu 11. A lokacin babu mutum, babu giwa, babu raƙumi. Ko shahararren dainoson nan Tyrannosaurus da yara ke gani a fim bai zo duniya ba tukuna. Tsakaninsa da dabbobin Gadufawa akwai fiye da shekara miliyan 40.

Makiyayan Abzinawa sun daɗe suna ratsa wurin da raƙumansu suna ganin manyan ƙasusuwa a shimfiɗe. Amma abin da ya kai labarin kunnen masana shi ne neman yuraniyom. Faransawa masu ilimin duwatsu da hukumar nukiliyar ƙasarsu ta turo su lalubo ma'adinin, su ne suka riƙa tuntuɓe da ƙasusuwan, suka aika labari gida. Aka turo wani matashi, Philippe Taquet, wanda ya yi ta kai da komo a wurin tsakanin 1965 da 1972. Bayan shekaru, Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta Amurka ya zo da tawagarsa a 1997 da 2000. Yawancin abin da zan faɗa muku daga aikin waɗannan ayari biyu ya fito.

Duwatsun Gadufawa yashi ne da ya dunƙule ya zama dutse, kuma yadda yashin ya kwanta hawa-hawa a karkace irin kwanciyar da ruwa mai gudu ke yi masa ne. A ciki akwai kututturan itatuwa da suka rikiɗe dutse, da ƙoƙon bayan kunkurun ruwa, da ɓawon jikin kifi, da haƙoran wani kifi mai huhu, dangin gaiwar nan da ke binne kanta cikin laka in tafki ya ƙafe. Duk waɗannan shaidu ne da suka yi ittifaƙi: inda yau ba a samun ko ɗigon ruwa, da can manyan koguna ne masu faɗi, da fadamu, da kurmi a gefe, a duniyar da ta fi ta yau ɗumi.

To ga tambayar da ta fi ɗaukar hankalina. A bakin wannan ruwa an samu aƙalla manyan dabbobi uku masu cin tsirrai, kowace ta kai nauyin tan biyu ko fiye, da manyan masu cin nama huɗu ko fiye. Yaya aka yi suka zauna wuri ɗaya ba tare da wata ta kori wata da yunwa ba? Amsar tana cikin bakinsu. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya ga yadda dillali ke kama sa ya buɗe bakinsa, ya dubi haƙora ya faɗi shekarunsa ba tare da ya tambayi mai shi ba. Aikin masanin ƙasusuwan da ke nan, sai dai shi ba shekaru kaɗai yake karantawa ba, har da abin da dabbar ke ci da inda take samunsa.

Mu fara da wadda ta ɗauki sunan ƙasar, Nigersaurus. Taquet ya ga guntayen ƙasusuwanta, amma sai a 1999 Sereno da abokan aikinsa suka raɗa mata suna. Daga dangin dainoso masu dogon wuya da dogon wutsiya take, masu tafiya da ƙafa huɗu, sai dai a danginta ita ƙarama ce: tsawonta mita 9, nauyinta bai wuce na giwa ba, wuyanta ma gajere ne, ƙashinsa 13 kacal. Abin mamakin a kanta yake. Ku ɗauka kuna riƙe da muƙamuƙinta na ƙasa. A jikin saniya ko doki, haƙora na bin gefen baki ne har can ciki. A jikin wannan dabba kuwa duk haƙoran sun taru a gaba, sun jeru a miƙe samɓal daga hagu zuwa dama, har bakin ya fi sauran kan faɗi. A sama akwai layi 68, a ƙasa layi 60. Kowane haƙori siriri ne, kuma a bayan wanda ke aiki akwai wasu a jere cikin ƙashin suna jiran gado, a wani gurbin har guda tara. In aka haɗa duka, sun haura 500.

Me za ta yi da haƙori 500? Masana sun yanka haƙorin suka duba shi da madubin ƙara girma, suka ga yana da layuka sirara, kowane layi girman kwana ɗaya. Da suka ƙirga bambancin layukan tsakanin haƙori da mai bi masa, sai lissafi ya nuna kowane gurbi na sake haƙori duk bayan wata guda, wani lissafi da aka yi daga baya kuma ya rage shi zuwa kwana 14. Dabbar da ke zubar da haƙori duk mako biyu, abincinta mai cin haƙori ne. A ƙasa take kiwo, tana datse gajerun tsirrai, tana haɗawa da yashi da tsakuwa. Kada kuma ku ce ciyawa take ci. Filayen ciyawa irin waɗanda muka sani ba su wanzu ba a lokacin. Dangin gero da dawa da gamba sun mamaye ƙasa ne daga baya ƙwarai. Abin da ke shimfiɗe a fadamun shi ne tsirrai marasa fure masu son damshi, waɗansunsu masu kaushi, tare da tsirrai masu fure na farko-farko da suka fara ɓullowa a wannan zamani.

Ƙasusuwan kan nata ba su da kauri ko kaɗan, wasu in ka ɗaga su a rana haske na ratsawa. Shi ya sa aka daɗe ba a gane siffarta ba, don da an taɓa sai su ruguje. A 2007 aka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ciki irin ta asibiti, aka harhaɗa ƙoƙon kan a kwamfuta, har aka ga ramin kunnen ciki, wato sashen da ke gaya wa dabba ko kanta a daidai yake. Masu binciken suka ce yadda ramin ya karkata ya nuna bakin dabbar a ƙasa yake kallo kusan koyaushe. Wasu masana sun ja da wannan, suka ce dabbobin yau ma ba kullum suke riƙe kai yadda kunnensu ya nuna ba. Ni a ganina masu jan suna da hujja a kan batun kunnen, amma haƙoran sun riga sun yanke hukunci a kan inda take cin abinci.

Maƙwabciyarta, Ouranosaurus, wadda Taquet ya bayyana a 1976, ba ta shiga gonar Nigersaurus ba. Tsawonta mita 7 zuwa 8, tana da faffaɗan baki mara haƙori a gaba don tsinkar ganye, da jerin haƙoran niƙa a ciki, kuma tana iya ɗagawa a kan ƙafafun baya ta kai ga reshe. A gadon bayanta akwai dogayen ƙasusuwa a tsaye, mafi tsawonsu ya haura santimita 60. Wasu sun ce fata ce ta lulluɓe su don shan iska da rage zafin jiki, ko don burge 'yan'uwa. Wasu sun ce tozo ne na ajiyar kitse. Har yau ba a rufe wannan babi ba. Ta ukun, Lurdusaurus, ƙatuwa ce mai faɗin ciki da gajerun ƙafafu masu kauri, nauyinta ya haura tan biyar, har wasu masana na ganin rayuwarta ta yi kama da ta dorina, rabi a ruwa rabi a tudu. Kun ga an raba gado ke nan: ɗaya a ƙasa, ɗaya a reshe, ɗaya a bakin ruwa.

Yanzu sai masu cin nama, kuma nan ne labarin ke daɗi. A ƙarshen 1997 wani daga cikin tawagar Sereno ya hango wani ƙaton farce mai lanƙwasa a kan yashi. Da aka bi shi da tono sai ga dabbar da aka sa wa suna Suchomimus a 1998. Dainoso ne mai tafiya da ƙafa biyu, tsawonsa wajen mita 11, amma kansa dogo ne siriri irin na kada. Haƙoransa sun haura 100, kuma ba masu kaifin yanka ba ne, masu tsini ne na soka abu mai santsi a riƙe. Ƙofofin hancinsa sun ja baya daga ƙarshen baki, yadda zai iya tsoma bakin a ruwa yana numfashi. Duk wannan na nuni ga kifi. Hujjar da ta ƙarfafa zancen daga Ingila ta fito: a 1983 an tono ɗan'uwansa na kusa, Baryonyx, a wani ramin yumɓu a kudancin ƙasar, kuma a daidai inda cikinsa yake an samu ɓawon kifi da ruwan ciki ya fara cinyewa, tare da ƙashin wani ɗan ƙaramin dainoso. Wato masunci ne, amma in nama ya faɗo ba ya mayarwa.

Sai dai ba shi kaɗai ke da kogin ba. Akwai Sarcosuchus, wanda France de Broin da Taquet suka bayyana a 1966. Ba kakan kadojinmu ba ne kai tsaye, wani reshe ne na danginsu da ya ƙare, amma wanda ya gan shi ba zai tsaya tambayar nasaba ba. Ƙoƙon kansa kaɗai ya kai mita ɗaya da rabi har da ɗoriya, kashi uku cikin huɗu na tsawon kuwa baki ne, da wani kumburi a ƙarshen hanci. A 2001 aka ƙiyasta tsawonsa mita 11 zuwa 12, nauyinsa tan 8. A 2019 wasu suka sake lissafi da wata hanya suka ce bai wuce mita 9 da rabi ba, nauyin kuma wajen tan 4. Ko da ƙaramin lissafin muka ɗauka, ya kusa ninka babban kadan da ke kogunan Afirka a yau. Yadda ya kai wannan girma ma an karanta shi a jikinsa. Faifan ƙashin da ke rufe bayansa suna ƙara zobe ɗaya duk shekara, kuma an ƙirga zobe wajen 40 a jikin wanda bai gama girma ba. Daga nan aka ce yakan yi shekara 50 zuwa 60 yana ƙaruwa. Ba saurin girma ya yi ba, daɗewa ya yi yana yi.

A tudu kuma akwai masu haƙoran yanka, Kryptops da Eocarcharia, waɗanda aka sanar a 2008 daga 'yan guntayen ƙasusuwa. A ƙarƙashin ƙafafun waɗannan ƙatti akwai ƙananan dangin kada da ba su kai mita ɗaya ba: Anatosuchus mai faffaɗan baki irin na agwagwa, mai lalube cikin laka, da Araripesuchus mai dogayen ƙafafu, wanda a tudu yake yawonsa. Ku riƙe sunan wannan na ƙarshe, don shi zai ƙetarar da mu teku.

An fara samun Araripesuchus ne a yankin Araripe na arewa maso gabashin Burazil. Da Eric Buffetaut ya bayyana irinsa na Nijar a 1981, sai ya laƙaba masa sunan Alfred Wegener, Bajamushen da ya ce tun 1912 nahiyoyi a haɗe suke da can suka rabu, aka yi ta yi masa dariya har ya mutu a 1930. Haka Sarcosuchus: tun ƙarni na 19 aka tono wasu ƙasusuwa a jihar Bahiya ta Burazil, sai a 1977 Buffetaut da Taquet suka gane ɗan'uwan na Gadufawa ne. Akwai kuma wani kifi, Mawsonia, da ake samu a ɓangarorin biyu. Dabbar kogi da ƙaramar dabbar tudu ba za su ninƙaye tekun Atlantika ba. Abin da ya faru shi ne a lokacin tekun bai gama buɗewa ba. Afirka da Kudancin Amurka sun fara tsagewa daga kudu, tsagar na tahowa arewa sannu a hankali, kuma inda suka daɗe a manne shi ne tsakanin gaɓar Afirka ta Yamma da ƙusurwar Burazil, har zuwa wajen shekara miliyan 100 baya.

A nan ne Najeriya ta shigo labarin. Tsagar ta yi wani reshe da ya nufo cikin Afirka, amma bai ƙarasa ya zama teku ba. Shi ne kwarin Binuwai, mai tsawon kilomita wajen 1,000. Da ƙasa ta lotsa, koguna suka riƙa zuba yashi a ciki, yashin ya zama dutse mai kauri, masana suka sa masa sunan Dutsen Bima da ke jihar Gombe. Mu da muka san Bima ta fuskar tarihi da labaran Mahadi, ya kamata mu san cewa dutsen nan kusan sa'an duwatsun Gadufawa ne. A arewacin Kamaru ma, a kwarin Kum, an samu sawun dainoso da haƙoransu na wannan zamani. Daga baya ne ruwan teku ya kwararo ya bi kwarin, ya bar farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka, wani ruwan tekun kuma ya bar wata dabbar teku da aka tono a ƙasar Sakkwato aka sa mata suna Goronyosaurus. Amma waɗannan na kashi na biyu ne na zamanin, ba su cikin awar da aka ba ni.

Zan yi wa sauran duniya adalci da 'yan kalmomi. A 1878 masu haƙar kwal a Barnisar ta Beljiyam suka faɗa kan ƙwarangwal wajen 30 na Iguanodon, dangin Ouranosaurus, a zurfin mita 322. A lardin Liyawonin na ƙasar Sin, tokar aman wuta ta binne dabbobi ta adana har gashinsu. A 1996 aka nuna wa duniya Sinosauropteryx, ƙaramin dainoso mai gashi a jiki, kuma irin waɗannan ne suka sa masana suka tsaya a kan cewa tsuntsaye daga wani reshen dainoso suka fito. A can ne kuma aka samu wata dabba mai shayarwa, Repenomamus, da ɗan jaririn dainoso a cikinta. Ashe dai ba kullum ƙananan ke gudu ba.

Na san akwai mai tambaya a zuciyarsa: wa ya riƙe kalanda har aka san miliyan 110? Inda aka yi sa'a akwai tokar aman wuta, akan samu ƙananan ƙwayoyin ma'adini masu ɗauke da yuraniyom, wanda ke rikiɗewa ya koma dalma a bisa wani ƙayyadadden sauri da aka auna. In aka gwada yawan wannan da yawan wancan, sai shekaru su fito. Inda babu toka, sai a dubi wane dutse ke sama wane ke ƙasa, a kwatanta halittun ciki da na wuraren da aka riga aka auna. Wannan hanya ta biyu ita aka fi bi a Gadufawa, shi ya sa za ku ga wani littafi ya ce 115, wani 112, wani 110. Kuma akan yi gyara. Jobaria, ƙaton dainoson da aka tono a yankin Ingal aka sanar a 1999, da farko an sa shi a farkon Kiretashiyos. A 2009 wasu masana suka sake nazarin duwatsun suka mayar da shi baya da shekaru miliyoyi, zuwa tsakiyar zamanin Jurasik. Wannan ba abin kunya ba ne ga ilimin. Da ba a gyarawa, da shi ne abin tsoro.

Bari in nuna muku yadda ake ɗauko ƙashi, don akwai dalilin da ya sa nake so ku sani. Ba a fizgo shi. Mai aikin kan kwanta rub da ciki a kan yashi, da ɗan buroshi da tsinken ƙarfe, yana share ƙasa kaɗan-kaɗan. Duk inda ƙashin ya bayyana sai ya ɗiga masa ruwan gam ya tsotse, don kada iska ta busar da shi ya farfashe. A zana taswirar yadda kowane ƙashi ya kwanta, a ba shi lamba, a rubuta a wane hawa na dutse yake. Sannan a haƙa rami kewaye da shi, a rufe shi da takarda, a naɗe shi da tsumman buhu da aka tsoma cikin filasta irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti. In ta bushe a kife dunƙulen, a rufe ƙasansa, a ɗora a mota. Buɗe shi a ɗakin bincike kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Taswirar nan da lambar nan su ne rabin ilimin. Ƙashin da aka tsinta aka sa a aljihu aka kai kasuwa ya zama kayan ado kawai, don ba wanda zai sake sanin daga wane hawa ya fito, balle shekarunsa ko abokan zamansa.

Ina ƙasusuwan suke yau? Akwai Ouranosaurus a Gidan Tarihi na Ƙasa na Boubou Hama a Yamai, akwai wani a birnin Benis na Italiya, akwai Sarcosuchus a Faris, wasu kuma an kai su Shikago don nazari. A takardar binciken Nigersaurus ta 2007 akwai sunayen masana biyu 'yan Nijar, Abdoulaye Maga da Oumarou Ide, kuma abin a yaba ne. Amma gaskiya ɗaya ce: yaro a Turai ya fi yaron Agadas ko na Gombe sanin sunan waɗannan dabbobi, alhali a ƙarƙashin ƙafar namu suke. Sassan nazarin ƙasa a jami'o'inmu sun fi karkata ga man fetur da ma'adinai da ruwan rijiya, ba kuwa laifi ba ne, can abinci yake. Sai dai dutsen da ake haƙa don mai, shi ne dai dutsen da ke ɗauke da wannan tarihi.

Don haka roƙona biyu ne. Malamai, a sa labarin Gadufawa da kwarin Binuwai cikin darasin firamare da sakandare, da Hausa, da hotuna. Ku kuma ɗalibai da manoma da makiyaya da masu fasa dutse, in kun ga ƙashi ko haƙori ko sawu a jikin dutse, kada ku ɓamɓare shi. Ku ɗauki hotonsa da waya, ku sa alamar wurin, ku kai labari sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa ko gidan tarihi.